Ban Kai Ƙololuwa Ba: Bayanin Tafiyata Dutsen Kilimanjaro



Yau sati uku ke nan da dawowata daga Tanzaniya, kuma duk wanda muka haɗu da shi, a ƙofar masallaci ko a bakin kasuwa, tambayarsa ɗaya ce: "Sakatare, ina hoton?" Hoton da ake nufi shi ne na allon nan da ke kan ƙololuwar Kilimanjaro, wanda duk wanda ya kai yake tsayawa a gabansa a ɗauke shi. To, ba ni da shi. Ban kai wurin ba. Tun daga garin Moshi na kira shugaba da ma'aji na faɗa musu, amma na ga maganar ta fara yin rassa a gari, shi ya sa na ce gara in rubuta ta da hannuna. Da sunan ƙungiya aka karɓi kuɗin mutane, ni ne kuma na riƙe littafin.

Ga waɗanda ba su san mafarin abin ba, ƙanina yana da 'ya mai shekara tara da ke fama da sikila. Kafin ita akwai yayanta, wanda ya rasu yana da shekara huɗu. A lokacin babu wanda ya ambaci sikila a gidanmu. Wasu sun ce amosani ne, wata gwaggonmu ta ce ɗan wabi ne, maƙwabtanmu Yarabawa suka ce abiku. Sai da ita yarinyar ta fara kumburin yatsun hannu da na ƙafa tun ba ta cika shekara ba, sannan wata likita ta sa aka yi gwajin jini. Ita SS, uban AS, uwar AS. Likitar ta zana mana a bayan takardar magani: idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba, a'a, kowane ciki da nasa lissafin daban.

Na sha kwana a asibiti tare da su. Wanda bai taɓa ganin yaro a lokacin da ciwon ya tashi ba, ba zai gane ba. Ƙwayoyin jini ja na mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna kuma yin kwana 120 ko kusa da haka a jiki. Na mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje su yi tauri, su toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma cikin kwana 10 zuwa 20 sun mutu. Sanyi yana tayar da ciwon, ƙishirwa tana tayar da shi, zazzaɓin cizon sauro yana tayar da shi, haka ma ƙarancin iskar oksijin. Yarinyar nan takan riƙe hannuna ta ce, "Baffa, ƙashina ne ake dakawa." Ana kiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Amma a tarukanmu sai mu yi awa biyu kan kuɗin kujeru da rumfa, ba a taɓa ambatonsa ba. Ni ke rubuta bayanan taro, na sani.

Akwai wata gidauniya a nan Legas da ke taimaka wa yarinyar da magani da gwaje-gwaje. Su ne suka shirya hawan dutsen don tara kuɗi, suka nemi masu sa kai. Ƙanina ne ya fara ɗaga hannu, ba ni ba. Ya fi ni ƙuruciya, ya fi ni ƙarfi, ga shi kuma 'yarsa ce. Da muka je gwajin lafiya sai likita ya ce masa bai ba shi shawarar zuwa ba. Mai AS yana iya rayuwarsa har tsufa bai san yana da shi ba, amma a can sama inda iska ta yi ƙaranci, jininsa na iya lanƙwashewa ya toshe saifa, kuma babu asibiti a kan dutse. A ranar ni ma aka gwada ni. Ina da shekara arba'in da huɗu, da mata da 'ya'ya biyar, sai ranar na san cewa ni AA ne. Sa'a kawai na taka.

A cikin mota muna dawowa bai ce komai ba har muka wuce Oshodi. Can sai ya ce, "Yaya, jinin da ya sa mata ciwon shi ne ya hana ni hawa dominta." Ban sami abin da zan ce masa ba. Washegari na kai sunana.

Waɗanda suka halarci taron da na gabatar da maganar suna tuna yadda aka yi. Ɗaya daga cikin dattawanmu ya miƙe ya ce, "Malam Sakatare, wannan taimakon yara ne ko yawon buɗe ido? Kuɗin jirgi da na shiga dajin, in aka miƙa wa marasa lafiyar kai tsaye, ledar jini nawa za su saya?" An yi dariya, ni kuwa na ji zafi, amma tambayar Baba tana kan hanya, kuma har yau ban ce ya yi kuskure ba. Hawan Kilimanjaro ba arha ba ne. Doka ba ta yarda mutum ya hau shi kaɗai ba, dole da jagora mai lasisi, ga 'yan dako, ga mai dafa abinci, ga kuɗin da hukumar gandun dajin ke karɓa na kowace rana. Abin da zan iya cewa shi ne, maigidana a wurin aiki shi ya biya kuɗin tafiyata gaba ɗaya, ko kwabo ba a taɓa daga gudummawarku ba. Bayan taron na koma na tambaye shi ko zai yarda a ba gidauniyar kuɗin in fasa tafiyar. Ya ce a'a, shi hawan ya yi niyyar ɗaukar nauyinsa. Haka mutane suke. Shekara biyu da suka wuce na zagaya da takarda ina neman taimakon wani yaro mai buƙatar ƙarin jini, abin da na samu bai kai kuɗin motar da na kashe ba. Da aka ji sakatare zai hau dutse, har mai shayin bakin layinmu ya kira ni ya ba da naira dubu biyar, ya ce yana so ya ga ko tumbin nan zai kai.

Gudummawar kashi biyu ce. Akwai waɗanda suka bayar nan take. Akwai kuma waɗanda suka yi alkawari da sharaɗin sai na kai ƙololuwa, kuma mafi girma a cikinsu na Alhaji ne, wanda ya ce naira miliyan ɗaya idan na taɓa allon. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Legas ba garin duwatsu ba ne. Wata huɗu na yi ina hawa da sauka a matakalar benen ofishinmu da jaka cike da robobin ruwa a baya, masu gadi suna kallona suna girgiza kai. Na je Dutsen Olumo a Abekuta, na je Idanre a Jihar Ondo na hau matakala sama da 600, na dawo ina jin kaina. Ashe wasan yara nake yi. Wuri mafi tsayi a duk Nijeriya shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419. Kilimanjaro kuwa mita 5,895 ne, babu wanda ya fi shi a Afirka. Tun a daren farko, inda muka kafa tanti ya riga ya fi ko'ina a ƙasarmu tsayi.

Mun tashi daga Legas ta Adis Ababa muka sauka a filin jirgin Kilimanjaro, daga nan sai Moshi. Gari ne mai tsabta a gindin dutsen, ƙasar ƙabilar Chagga, ko'ina ayaba da gahawa. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne harshensu na Swahili. Su ce habari mu ce labari, su ce sabuni mu ce sabulu, su ce hatari mu ce haɗari, dunia kuwa duniya ce. Abincin da suke kira ugali tuwon masara ne ba ragi ba ƙari, sai dai babu miyar kuka.

Hanyar Machame muka bi, ta kwana bakwai. Ranar farko daji ne mai duhu da laka da birai a kan bishiyoyi. Rana ta biyu bishiyoyin suka gajarce suka koma ciyayi. Daga nan kuma sai duwatsu da ƙura. Kalmar da jagora ya fi maimaitawa ita ce pole pole, wato sannu sannu. Tafiya ce irin ta mai rakiyar amarya, har ta ba ni haushi a kwanakin farko, don ina jin da sauran ƙarfi a jikina. Ya ce mini dutsen nan ba ya kayar da raggo, mai gaggawa yake kayarwa, domin jiki yana buƙatar kwanaki kafin ya saba da ƙarancin iska.

Dole in yi maganar 'yan dako. Mu muna ɗauke da 'yar jaka mai ruwa da rigar sanyi, su kuma suna ɗauke da tantuna, da tukunyar gas, da abinci, da jakunkunanmu, kilo 20 a ka ko a wuya, ana auna musu a bakin ƙofa. Muna barin sansani su tsaya su kwance komai, su wuce mu a hanya, mu iso mu tarar an kafa tanti an ɗora shayi. Wasunsu takalman da ke ƙafarsu ba za ka shiga kasuwar Mile 12 da su lokacin damina ba. Ina kallonsu ina tuna yaranmu masu dako a nan. Littattafai sun ce Bajamushe Hans Meyer da ɗan Ostiriya Ludwig Purtscheller su ne suka fara kai wa ƙololuwar a 1889, amma su ma ba su kaɗai suka ɗauki kayansu zuwa dutsen ba. Wani ɗan dako da ya ji dalilin zuwanmu ya gaya mini ta bakin jagora cewa ɗan 'yar uwarsa ma yana da ciwon. Tanzaniya ma tana cikin ƙasashen da yake da yawa.

Rana ta uku na fara sanin inda nake. Mun hau zuwa wani wuri da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, don mu ci abincin rana sannan mu gangara mu kwana a Barranco, ƙasa da mita 4,000. Da gangan ake yin haka, a hau sama da rana a kwana a ƙasa, don jiki ya koya. A can kaina ya fara sarawa kamar ana buga guduma, abinci ya ƙi shiga. Kowace safiya da dare jagora yana maƙala mana wata 'yar na'ura a yatsa mai auna oksijin a jini, irin wadda na saba gani a yatsan yarinyarmu a asibiti. A can idan lambar ta sauka, nas-nas sukan fara kai da kawowa. A nan na ga tawa tana sauka kowace rana, kuma ni na kawo kaina.

Katangar Barranco, wadda ake tsoratar da mutane da ita, ba ta ba ni wahala ba. Hawa ne da hannu da ƙafa na awa ɗaya da wani abu, na ma ji daɗinsa. Mun kwana a Karanga, sannan muka isa sansanin ƙarshe, Barafu, kusan mita 4,670. Barafu a harshensu ƙanƙara ke nan, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Babu ruwa a wurin, daga ƙasa 'yan dako ke hauro da shi. Tun kafin nan na koma taimama. Ɗaura igiyar takalmi kawai sai na zauna na huta.

Da sha biyun dare aka tashe mu. Riga biyar na saka, wando uku, safar hannu biyu, da fitila a goshi. Idan ka ɗaga kai sai ka ga jerin fitilu suna hawa cikin duhu har ka kasa bambance su da taurari, shi ya sa jagora ya ce kada in ɗaga, in kalli dugadugan wanda ke gabana kawai. A can sama, numfashi ɗaya yana ba ka kamar rabin oksijin ɗin da kake samu a Legas. Taku ɗaya, numfashi biyu. Ƙasar kuma tsakuwa ce mai zamewa, ka taka gaba ta dawo da kai rabi. Wajen ƙarfe uku ruwan gorata ya daskare. Wajen ƙarfe huɗu na yi amai na farko.

Na yi niyyar in riƙa tuna yaran a wannan dare don in sami ƙarfi, har na rubuta sunayen wasu a takarda na sa a aljihu. Gaskiya ban tuna kowa ba. Babu abin da ke kaina sai ƙirga taku, in kai hamsin in tsaya, daga baya ya koma ashirin, daga baya goma. Abin da na tuna kawai shi ne wani dare a asibiti da na ce wa yarinyar, "Daure mana, ki yi haƙuri, ya kusa wucewa," har da ɗan faɗa a muryata don na gaji ina jin barci. Jagora yana gaya mini kusan irin wannan maganar, da harshen Turanci, ni kuma ina jin kamar in kai masa duka.

Rana ta fito muna gab da bakin ramin da ke saman dutsen. Ta bayan tsaunin Mawenzi ta ɓullo, gajimare duk suna ƙarƙashinmu kamar an baza auduga. Na san abu ne mai kyau, amma a lokacin ko a jikina. Bayan ƙarfe bakwai na isa Stella Point, mita 5,756. Daga nan zuwa ƙololuwar da ake kira Uhuru, wato 'yanci, saura mita 139 na tsayi, tafiyar da ba ta fi awa ɗaya ba, kuma ba ta da tsananin hawa. Ina hango mutane a kan hanyar.

Jagora ya zaunar da ni a kan dutse ya tambaye ni sunan matata. Na san sunan, amma sai da na yi ta lalube kafin ya fito. Ya ce in tashi in yi tafiya a miƙe, diddige na bin yatsa. Na yi taku uku na karkace kamar wanda ya sha wani abu. Ya maƙala na'urar, ya duba, bai nuna mini ba. Ya ce sauka za mu yi, yanzu. Ya yi mini bayani daga baya cewa tangaɗi da rikicewar tunani alamu ne na kumburin ƙwaƙwalwa da tsayi ke jawowa, yana kisa, kuma maganinsa na farko shi ne a gangara.

Na roƙe shi. Na ce masa akwai miliyan ɗaya a kan allon can. Wani daga cikin abokan tafiyarmu, da kyakkyawar niyya, ya ce ai akwai allo a Stella Point ma, in tsaya a ɗauke ni, mutanen gida ba za su bambance ba. Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin hakan, kuma ba na ɗan lokaci kaɗan ba. An ɗauki hoton, yana cikin wayata, rubutun da ke jiki ya fito sarai: Stella Point. Shi zan sa a ƙarƙashin wannan rubutu. Mutum biyu suka riƙe ni ta hammata muka gangaro, kuma kafin mu kai Barafu kaina ya fara washewa. Kafin mu kai sansanin Mweka da yamma har na ci abinci. Nan ne abin ya fi damuna. Ni awa uku na gangara ciwona ya tafi. Ita babu inda za ta gangara.

Yanzu lissafi. Duk abin da aka bayar nan take an miƙa shi ga gidauniyar, rasit yana hannun ma'aji, kuma za a karanta sunaye da adadi a taro mai zuwa. Sun ce za a kashe shi a kan maganin hydroxyurea, wanda ke rage yawan tashin ciwon, da kuma hoton jijiyoyin jini na kai da ake yi wa yara daga shekara 2 zuwa 16 don a gano waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun kafin ya faru. Na nemi su ba mu bayani a rubuce bayan wata shida, sun amince.

Masu alkawari da sharaɗi kuwa, na bi su ɗaya bayan ɗaya na gaya musu ban cika sharaɗin ba, don haka babu wanda nake bi bashi. Mafi yawansu sun bayar duk da haka. Mutum huɗu sun ce sharaɗi sharaɗi ne, kuma ina roƙon kada wanda ya yi musu gori, don a kan gaskiyarsu suke.

Alhaji na bari a ƙarshe don na fi jin nauyinsa. Na same shi a shago na ce, "Alhaji, ban kai ba." Ya ce ya ji. Ya tambaye ni tsayin dutsen, na faɗa. Ya tambaye ni inda na tsaya, na faɗa. Sai ya jawo kalkuletarsa ta kan tebur ya yi ta dannawa, ya juyo mini da ita: 976,420. Ya ce, "Wannan shi ne kuɗin inda ka taka. Ragowar naira 23,580 tana nan a wurina, duk ranar da wani ɗan ƙungiyar nan ya ƙarasa mita 139 ɗin ya zo ya karɓa." Kafin in kai gida kuɗin sun shiga asusun gidauniyar.

Abu ɗaya ya rage. Gidauniyar ta yarda ta turo ma'aikatanta su yi mana gwajin jini kyauta a harabar ofishin ƙungiya, ranar Asabar ta biyu ga wata mai kamawa, daga ƙarfe tara na safe zuwa azahar. An fi buƙatar samari da 'yan matan da ba su yi aure ba, da ƙananan yara. Sakamakon kowa a hannunsa za a ba shi cikin ambulan, ba za a karanta wa kowa ba, ni ma ba zan gani ba. A Kano tun 2024 doka ta wajabta irin wannan gwaji kafin a ɗaura aure, mu a nan sai dai mu wajabta wa kanmu. Baba, wanda ya yi mini tambayar yawon buɗe ido, ya riga ya ba ni sunayen jikokinsa bakwai.

Jiya na kai wa yarinyar takardar shaidar da hukumar gandun dajin ta ba ni, don ana ba wanda ya kai Stella Point ma. Ta karanta ta a hankali, ta tambaye ni ko da gaske ruwa yana zama ƙanƙara a cikin gora. Na ce ƙwarai. Ta ce to ita ba za ta je ba, sanyi ba ya yi mata daɗi. Uwarta ta karɓi takardar ta sa a cikin fayil ɗin da suke ajiye katin asibiti.